Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'i: A Koya wa Ɗaliban Kimiyya Yi wa Jama'a Bayani

Zuwa ga shugabannin jami'o'i da majalisun dattawansu, da shugabannin tsangayoyin kimiyya, likitanci, aikin gona da injiniyanci, da kwamitocin tsara manhaja.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malamansa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku. Allah ya ƙara muku basira da juriya a kan nauyin da ya ɗora muku.

Ni ƙaramin malami ne a sashen kimiyyar sinadarai. Na rubuto ne da yawun wasu abokan aikina matasa, da kuma ɗalibanmu na digiri na biyu da na uku, waɗanda muka daɗe muna juya wannan magana a tsakaninmu. Yawancinmu a hannunku muka tashi. Ku kuka koya mana riƙe kwalbar gwaji, ku kuka bi kundayenmu da jan biro layi bayan layi. Saboda haka duk abin da za ku karanta a nan ba raini a cikinsa, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, mun gabatar da shawarar a buɗe kwas guda wanda zai koya wa ɗaliban kimiyya yadda ake yi wa mutanen da ba masana ba bayanin bincike. Takardar ta daɗe a gaban kwamiti, daga bisani ta dawo da gajeriyar amsa: jadawali ya cika, kuma wannan aikin 'yan jarida ne. Da muka tuntuɓi takwarorinmu a wasu jami'o'in, sai muka tarar wasu sun sami irin wannan amsa, wasu kuwa ko gabatarwa ba su yi ba, don sun riga sun san abin da za a ce musu. A nan muka gane maganar ta fi ƙarfin kwamiti ɗaya, dole a kawo ta gabanku baki ɗaya.

Kukanmu na farko shi ne, ɗalibi yakan yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, wani ya zarce har digirin digirgir, ba a taɓa tsayar da shi gaban mutumin da bai san fanninsa ba, a ce ya yi bayani, a ba shi maki a kai. Duk rubutun da yake yi, malami yake yi wa. Duk jawabin da yake gabatarwa, a gaban waɗanda suka fi shi sanin abin yake gabatarwa, waɗanda ko ya tsallake mataki za su cike masa a zuci. Ranar da ya fita kuwa, mutanen da zai fara haɗuwa da su su ne manomi, da mai jego, da majiyyaci, da ɗan majalisar da zai kaɗa ƙuri'a kan kasafin kuɗi, da alƙalin da ke jiran shaidar masani. Ba ɗaya daga cikinsu da zai cike masa abin da ya tsallake.

Akwai wata ɗalibata, haziƙa ta gaske, da ta yi bincikenta a kan ruwan rijiyoyin wani yanki da ake zuba takin zamani sosai. Ta tarar a wasu rijiyoyin sinadarin naitiret ya haura miligiram 50 a kowace lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Aikin ya yi kyau, ta kare kundinta, masu jarrabawa suka yaba. Ita da kanta ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai ta koma ta gaya wa masu rijiyoyin, na kuwa raka ta. Ta tsaya a gabansu da takarda a hannu, ta karanto alƙaluma, ta faɗi iyakar da aka gindaya, ta ambaci sunan cutar da ake jin tsoro. Wuri ya yi tsit. Can wata dattijuwa da jariri a cinyarta ta ce, "'Yata, ke dai gaya mana, mu sha ko kada mu sha?" Kafin yarinyar ta tattaro amsa, wani daga baya ya ce ai abu mai sauƙi ne, a riƙa tafasa ruwan. Kowa ya gyaɗa kai, mutane suka fara miƙewa.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire naitiret. Ruwan ne ke tafiya a tururi, sinadarin ya ƙara yawa a ragowar. Kun kuma san wanda ya fi shiga haɗari shi ne jariri ɗan watanni idan da wannan ruwa ake haɗa masa madara, domin sinadarin yana rage wa jininsa ƙarfin ɗaukar iskar oksijin. Waɗannan jimloli biyu su ne abin da mutanen nan suka zo nema, kuma ɗalibar ta san su sarai, suna nan cikin kundinta. Sai da muka roƙi jama'a su koma su zauna, ta fara daga jaririn da ke cinyar tsohuwar, sannan maganar ta shiga. Iliminta bai gaza ba. Abin da ya faru shi ne ba wanda ya taɓa koya mata ta tambayi kanta kafin ta buɗe baki: wane ne a gabana, me ya riga ya sani, wace shawara zai yanke bayan na gama, wane kuskure ne ya fi saurin faɗawa ciki? Waɗannan tambayoyi ana koyar da su, ana gwada ɗalibi a kansu. Mu ne ba mu sa su cikin manhaja ba.

Sai batun cewa aikin 'yan jarida ne. Muna ganin girman 'yan jarida, muna ma neman a haɗa mu aiki da su. Amma ɗan jarida ba ya cikin ɗakin da likita ke gaya wa mara lafiya sakamakon gwaji, ba ya bakin rijiyar nan, kuma abin da masani ya ba shi a dagule, a dagule zai kai. Manyan masana ma ba su taɓa ɗaukar aikin a matsayin na wasu ba. Tun 1825 cibiyar Royal Institution da ke Landan ta fara laccocin ƙarshen shekara domin yara da matasa, fitaccen masanin kimiyya Michael Faraday da kansa ya gabatar da su sau 19. Da hukumar UNESCO ta fara ba da lambar yabo ta Kalinga ga masu yaɗa kimiyya a 1952, wanda ya fara karɓa Louis de Broglie ne, mai lambar Nobel a fiziks. A 1985 Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya, ta fitar da rahoton kwamitin Walter Bodmer, wanda ya nemi kowane masani ya koyi magana da jama'a, ya kuma ɗauke ta a matsayin wajibinsa. Jami'o'i da dama sun mayar da abin karatu sosai. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz tana da shirinta tun 1981, Imperial College ta Landan ta buɗe digiri na biyu a fannin a 1991, Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya ta kafa cibiya a 1996, Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu tana da kujerar bincike a kansa. Fanni ne mai malamansa, da mujallunsa, da muhawararsa.

Kuka na biyu, wanda ya fi damunmu, shi ne sakamakon da wannan fanni ya gano bai iso azuzuwanmu ba, alhali ya saɓa wa abin da yawancinmu muka taso da shi. Mun taso muna ganin idan jama'a suka ƙi maganar masana, jahilci ne, maganinsa kuwa a ƙara musu bayani, a ɗaga murya. Ku ba ni dama in tsaya a kan labari guda wanda ya girgiza wannan tunani.

A watan Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chanobil da ke Yukren ta fashe. Iska ta kwashi burbushinta mai guba, ruwan sama ya sauke shi a kan tsaunukan Cumbria a arewacin Ingila, inda ake kiwon tumaki. Gwamnati ta hana sayar da tumakin yankin da yanka su, masana suka tabbatar wa makiyaya cewa abin na mako uku ne, ƙasa za ta riƙe siziyam, sinadari mai guba da ke cikin burbushin, ta hana shi komawa cikin ciyawa. Lissafin nasu a kan ƙasar yumɓu aka gina shi. Ƙasar tsaunukan kuwa mai tsami ce, ruɓaɓɓen tsiro ya yi mata yawa, ba ta riƙe siziyam, sai ya yi ta zagayawa daga ƙasa zuwa ciyawa zuwa naman tunkiya. Takunkumin mako uku bai gama tashi daga kan gonakin ƙarshe ba sai a 2012. Brian Wynne na Jami'ar Lancaster ya bi makiyayan ya saurare su, ya tarar sun san tsaunukansu sani na ƙwarai. Da masana suka killace tumaki a ƙananan shingaye don gwada wani yumɓu mai tsotse sinadarin, makiyayan sun ce dabbar da ta saba yawo a tsauni ramewa za ta yi idan aka tsare ta, gwajin ya lalace. Ba a saurare su ba, haka kuwa aka yi. Sun kuma yi zargin cewa wani kaso na burbushin ya riga Chanobil zuwa, ganin tashar nukiliya ta Sellafield tana kusa da su, daga baya awo ya nuna lallai ba duka ne daga Chanobil ba. Makiyayan nan sun daina yarda da masana ne saboda an yi musu magana da tabbacin da babu shi, an kuma yi watsi da abin da suka sani. A shekarar 2000 kwamitin kimiyya na Majalisar Dattawan Birtaniya ya fito fili ya ce amana ta yi rauni tsakanin masana da jama'a, abin da ake buƙata tattaunawa ce ta ɓangare biyu. Ɗalibanmu da za su yi aiki da manoma da masunta da maƙera suna gama karatu ba su taɓa jin wannan darasi ba. Suna fita da niyyar wayar da kai kawai, ba su san rabin aikin saurare ba ne.

Kuka na uku ya shafi alƙaluma da rashin tabbas, kuma a nan ne ake asarar rayuka. Muna koya wa ɗalibi ya lissafa yiwuwar abu, ba ma koya masa ya faɗe ta yadda ba za ta yi ɓarna ba. A watan Oktoban 1995 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya sanar da cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Maganar gaskiya ce. Amma ninkin daga kusan mace 1 cikin 7,000 ne zuwa 2 cikin 7,000. Mata suka ji "ninki biyu" kawai, dubbai suka bar maganin nan take ba tare da ganin likita ba, aka ƙiyasta ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wales a shekarar da ta biyo baya. Shi kansa juna biyu ya fi ƙwayar jawo wannan daskarewar jini. Da an faɗi adadin yadda yake, mutum kaza cikin mutum kaza, da kowace mace ta auna da hankalinta. Wannan ƙa'ida ce da za a iya koyarwa cikin darasi ɗaya, amma a wane aji muke koyar da ita?

A Italiya kuma, birnin L'Aquila ya yi watanni yana fama da ƙananan girgizar ƙasa. A ranar 31 ga Maris 2009 kwamitin masana ya zauna a birnin. A wannan rana wani babban jami'in hukumar kare farar hula ya gaya wa 'yan jarida cewa ƙananan girgizar alama ce mai kyau, ƙasa ce ke sauke ƙarfinta a hankali, maganar da ba ta da tushe a kimiyya. Wasu iyalai da suka saba fita waje idan ƙasa ta motsa suka kwana a cikin gidajensu. Ranar 6 ga Afrilu babbar girgiza ta zo, mutum 309 suka rasu. A 2012 kotu ta yanke wa masana shida da jami'in hukuncin ɗaurin shekara shida, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan, ta rage wa jami'in nasa. Ba wanda zai iya faɗin ranar da girgizar ƙasa za ta auku, kuma masanan sun san haka. Abin da jama'a suke buƙatar ji shi ne: ba mu san ranar ba, haɗarin ya ɗan ƙaru, ga irin ginin da ba shi da aminci. Faɗin "ba mu da tabbas" ta yadda ba zai zama ko kwantar da hankalin ƙarya ko tayar da tarzoma ba, gwaninta ce mai wuya, kuma ba a haihuwar mutum da ita. Ko maganar da muke ji kullum ta hasashen yanayi, cewa akwai yiwuwar ruwa kashi 30 cikin 100, binciken Gerd Gigerenzer da abokan aikinsa na 2005 ya nuna mutane da yawa suna ɗauka ruwan zai sauka a kashi 30 na yankin ne, ko na awannin ranar, alhali ana nufin a cikin kwanaki goma masu irin wannan yanayi, uku ake samun ruwa.

Na huɗu, wurin da masani ya bari ba ya zama fanko. A 1998 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga maƙalar likita Andrew Wakefield a kan yara 12, wadda aka yi amfani da ita wajen danganta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga, wato autism. Sai a 2010 aka janye maƙalar, aka kuma soke masa lasisin aiki, amma kafin nan yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗo zuwa kusan kashi 80 cikin 100, ƙyanda ta dawo. A annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta ci rayuka sama da 11,000 a Yammacin Afirka, an kashe mutum 8 na wata tawagar wayar da kai a ƙauyen Womey na ƙasar Gini, saboda tsoro da rashin yarda. Al'amarin ya fara sauƙi ne lokacin da aka zauna da shugabannin al'umma aka nemo yadda za a binne mamaci cikin aminci ba tare da an wulaƙanta shi ba. Lokacin korona kuwa duk mun shaida: saƙon murya na minti biyu yana zagaye wayoyi kafin masani ya gama shirya takardarsa. Ɗalibanmu suna cikin waɗannan zaurukan WhatsApp ɗin, 'yan uwansu su suke tambaya. Ko mun horar da su ko ba mu horar ba, amsa za su bayar.

Na biyar, kuma wannan a hannunku kaɗai yake: tsarin ƙarin girma. Ina da abokin aiki wanda ya daɗe yana amsa tambayoyin masu saurare a rediyo kan magungunan feshi da yadda ake kauce wa gubarsu. Da ya cike takardar neman ƙarin girma, babu layin da zai rubuta wannan aiki. Wani babba mai ƙaunarsa ya ja shi gefe ya ba shi shawara ya rage shiga rediyo, kada a ɗauke shi mara nauyi. Ya rage. Ba na zargin mai shawarar, gaskiyar tsarin ya faɗa masa. Matsalar ba sabuwa ba ce, kuma ba ta jami'a ɗaya ba ce. A 1992 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta ƙi karɓar masanin taurari Carl Sagan a matsayin mamba duk da ɗimbin bincikensa, mutane da yawa kuma sun danganta hakan da shahararsa a talabijin. Amma wasu sun fara gyarawa. Tun 1997 gidauniyar kimiyya ta ƙasar Amurka take auna amfanin bincike ga al'umma kafin ta ba da tallafi. Tsarin tantance binciken jami'o'in Birtaniya ya ba tasiri ga al'umma kashi 20 cikin 100 na maki a 2014, ya ɗaga shi zuwa 25 a 2021. Matashin malami yana da iyali, yana lissafin lokacinsa. Muddin maƙalar da mutum kaɗan za su karanta ita kaɗai ke ɗaga shi, ita zai bi, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Ga kuma batun harshe, wanda ba zan tsawaita ba. Yawancin bincike ana buga shi cikin Turanci, yawancin mutanen duniya kuwa ba da shi suke tunani ba. Ɗalibin da ya karɓi jinin mutane ko ƙasar gonarsu ya yi bincike, bai mayar musu da sakamako cikin harshen da suke ji ba, ya ci bashi bai biya ba. Sashe na 27 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ce kowa yana da haƙƙin cin moriyar ci gaban kimiyya. Kuɗin da ke tafiyar da yawancin ɗakunan gwaje-gwajenmu kuwa daga aljihun waɗannan mutane yake fitowa.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a sa kwas na tilas guda ɗaya, na zango guda, ga duk ɗalibin kimiyya, likitanci, aikin gona da injiniyanci kafin ya gama digirin farko, a kuma maimaita shi da zurfi a digiri na gaba. Kada ya zama na haddar ma'anoni a rubuta a jarrabawa. A sa ɗalibi ya rubuta bayanin bincike a shafi ɗaya, ya yi hirar rediyo ta gwaji, ya faɗi haɗari da adadin mutane maimakon kaso tsura, ya koyi cewa "ba a sani ba tukuna" ba tare da ya ruɗa mai saurare ba, ya kuma zauna ya saurari mutanen da bincikensa ya shafa kafin ya yi musu jawabi. A cikin masu ba shi maki a sa mutumin da ba ɗan fannin ba, domin shi ne zai iya shaidar ko an gane. Malaman kimiyya su koyar da shi tare da na aikin jarida, da na harsuna, da na nazarin halayyar jama'a. Duk suna nan cikin harabar jami'a, sai dai ba a cika haɗa su a ɗaki ɗaya ba.

An ce jadawali ya cika. Mun yarda ya cika, mu ma muna shan wahalarsa. Amma mun zauna mun duba, akwai darussan da ake maimaitawa a aji biyu da aji uku da suna daban, akwai kuma kwas ɗin taron ƙara wa juna sani da kusan kowane sashe yake da shi, wanda za a iya gina wannan horo a cikinsa ba tare da an ƙara ko awa ɗaya ba. Muna roƙon ku umarci kwamitocinku su yi wannan dubawar tare da mu.

Muna roƙon a wajabta wa duk kundin digiri na biyu da na uku ya zo da taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya cikin magana mai sauƙi, da fassararsa cikin harshen mutanen da aka yi binciken a cikinsu, kuma masu jarrabawa su yi tambaya a kansa ranar kare kundi. Tarayyar Turai ta sa irin wannan sharaɗi a dokarta ta gwajin magunguna ta 2014. Haka nan gasar bayyana kundi cikin minti uku da Jami'ar Queensland ta fara a 2008 ta bazu a jami'o'i da yawa, ba ta buƙatar komai sai ɗaki da agogo. Idan binciken ya taɓa lafiyar mutane ko abincinsu ko ruwansu, komawa a gaya musu sakamako ya zama sharaɗin kwamitin ɗa'ar bincike, a kuma ware masa kuɗi tun a kasafin aikin.

Muna roƙon a buɗe layi a takardar ƙarin girma domin aikin isar da kimiyya ga jama'a, da maki sananne da kuma hanyar tantancewa. Mun san tsoron da ke akwai, cewa wasu za su mayar da shi neman suna, su riƙa magana kan abin da ba fanninsu ba. Tsoro ne mai dalili. Maganinsa a tantance aikin kamar yadda ake tantance maƙala: a ga abin da aka faɗa, a auna ingancinsa, a tambayi wa ya amfana. Wanda ya yaɗa kuskure ya rasa maki. Akwai kuma masu cewa sauƙaƙa bayani yana gurɓata gaskiya. Yana iya gurɓatawa a hannun wanda bai koya ba, shi ya sa muke neman a koyar.

A ƙarshe, muna roƙon jami'o'in da suke da hali su buɗe difloma ko digiri na biyu a wannan fanni, ƙofarsa a buɗe ga masu digirin kimiyya da kuma 'yan jarida, domin a sami waɗanda za su riƙa binciken abin da ke aiki da abin da ba ya aiki a cikin harsuna da al'ummu daban-daban. Yawancin abin da aka sani yanzu daga Turai da Amurka da Ostareliya aka samo shi, ba kuma lallai ya dace da ko'ina ba. Sai jami'o'in kowane yanki sun yi nasu nazarin.

Mu a namu ɓangaren, a shirye muke mu koyar da kwas ɗin gwaji a zango mai zuwa a kan nauyin darussan da muke ɗauke da su, mu kawo muku rahoton abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba. Daftarin manhajar yana hannunmu. Muna roƙon a sa wannan batu cikin ajandar zaman majalisar dattawa na gaba, a ba wakilanmu da na ɗalibai dama su yi bayani da bakinsu, a kuma ba mu amsa a rubuce kafin shekarar karatu ta ƙare.

Allah ya ja zamaninku, ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyyar sinadarai, a madadin ƙananan malamai da ɗaliban manyan digiri da suka sa hannu a wannan roƙo.